Sha Bakwai a Hanyar Taba

Sallama gare ku masu bibiyata, na da da waɗanda yau suka shigo. Ku gyara zama, zan bi abin daki-daki kamar yadda nake yi wa 'yan ajina.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Khairiyya. Ina koyar da kimiyya da fasaha a wata ƙaramar sakandaren 'yan mata a Makarfi. Shekaruna ashirin da bakwai, lambar da ta fi damun matan unguwarmu fiye da yadda take damuna. Ni ce 'yar fari a gidanmu, shi ya sa babana, Malam Ashafa, bai taɓa kiran sunana ba tun ranar da aka raɗa mini shi. Idan yana son magana da ni, sai ya dubi Inna ya ce, "A gaya wa Malama," ko da kuwa ina tsugune a gabansa ina miƙa masa buta. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma na taso na same ta a haka.

Baba direba ne. Yana da tsohuwar Fijo a-kori-kura, shuɗiya, da ita yake ɗauko rake daga Taba da tumatir daga Janfalan. Gonarmu ba ta taka kara ta karya ba. Motar nan ce tukunyarmu, ita ta kai ni makaranta har na zama abin da na zama. Ranar da injinta ya buga, ranar Baba zai koma zaman benci a tasha yana kallon motocin wasu.

Sai kuma Zakiyyu, wanda yake neman aurena wata biyar ke nan. Yana da shago a bakin tasha, ya rubuta "Injiniya" a saman ƙofa da jan fenti. Tun da fetur ya yi tsada ya samu sana'a: a kawo masa mota ya rage mata shan mai. Direbobin nan namu kuwa da abu ɗaya suke auna bakanike. Ba su tambayar ko inji na cikin lafiya, tambayarsu ita ce galan nawa ta sha zuwa Zariya.

Ban taɓa ganin baƙin mai a farcen Zakiyyu ba. Da farar shadda yake zuwa zance, da ita kuma yake tsayawa a gaban inji, ya naɗe hannun riga sau ɗaya tak don a ga agogo. Turarensa yana riga shi shiga zaure, ya kuma kwana bayan ya tafi. Inna ta mutu a kansa. Ba ya zuwa hannu rabbana, kullum da ƙunshin kilishi ko ledar lemo, kuma yana tsugunawa har ƙasa idan zai gaishe ta.

Wata la'asar ya zo, na fito da doguwar rigar atamfa ruwan ƙasa da farin hijabi, na shimfiɗa masa darduma na ajiye ruwa. Bai ko sha ba ya ce in leƙo in ga abin da ya sayo. A gaban motarsa ya manna wani geji mai zagaye, ƙananan fitilu ja da rawaya da kore suna ta zarya a jikinsa kamar an ƙawata gidan biki.

"Wannan shi ne waidban," in ji shi. "Yana gaya mini iskar da inji ke shaƙa da man da yake sha. Duk Makarfi ni kaɗai ne da shi."

Na dube shi da kyau. Babu lamba ko ɗaya a fuskarsa, sai fitilu.

"Ma sha Allah. Wayoyi nawa ne a jikin sensar da ka ɗaura a salansa, bututun hayaƙin nan?"

"Ɗaya. Na zamani ne ai, babu tarkace."

A nan ya kamata in tsaya in yi muku bayani, don kada ku ce raini ne kawai irin na 'yan boko. Injin fetur iska yake haɗawa da mai ya ƙona. Idan aka auna da nauyi, kashi sha huɗu da ɗigo bakwai na iska ne ke cinye kashi ɗaya na mai tas. Idan lambar ta sauka, mai ya yi yawa. Idan ta hau, mai ya yi kaɗan. Ana gane haka ne ta hanyar wata 'yar sensa da ake ɗaurawa a bututun hayaƙi, tana shinshinar abin da ya fito. Sensar iri biyu ce. Akwai ƙarama mai araha, wadda abin da ta sani kawai shi ne "ya yi yawa" ko "ya yi kaɗan", ba ta iya cewa da nawa. Kamar ɗalibar da za ka tambaya ƙarfe nawa ta ce maka rana ce. Akwai kuma ta gaske, waidban ɗin, mai wayoyi biyar ko shida da ɗan akwatinta na daban, wadda ke nuna lamba ƙarara tun daga goma har zuwa ashirin. Ta farkon ce a motar Zakiyyu, an sayar masa da sunan ta biyun.

Na faɗa masa haka, a hankali, da muryar da nake gyara wa 'yan aji ɗaya kuskure ba tare da na sa su kuka ba. Ya yi dariya har da dukan cinya.

"Malama ke nan. Ki riƙe allonki da allinki, ki bar mana ƙarfe. Idan kika shigo gidana ma hutawa za ki yi da wannan wahalar."

Na ce masa to, na ɗauke kofin ruwan da bai sha ba.

Ran Lahadi ya zo ya roƙi Baba makullin mota, ya ce yana so ya yi wa gidan hidima. Kun san aikin suruki a wurinmu. Wani noma yake zuwa yi, wani yaɓen katanga, kuma ko ya yi shi a karkace ba a cewa komai sai Allah ya yi albarka. Da yamma ya dawo da ita an wanke ta tana sheƙi. Ran Talata Baba ya shigo gida fuskarsa a sake, ya zauna a kan tabarma ya ce wa Inna, "Yaron nan yana da hannu. Na je Ikara na dawo, allurar mai da ƙyar ta motsa."

Ni kuwa ina ɗaki ina duba takardun jarrabawa, amma kunnena yana waje tun da motar ta shigo layi. Na ji ta yi tari sau biyu ta kafireto. Da na fita ɗebo ruwa na bi ta gefenta, zafin da ke fitowa daga bonet ya dake ni tun ban matso ba. Washegari da safe na ga Baba yana ƙara wa lagireto ruwa, abin da yakan yi mako bai yi ba.

Na ɗauki waya na rubuta wa Zakiyyu: "Sannu da aiki. Me ka yi wa motar Baba?"

Ya amsa nan take, da hoton kansa a jingine da ita: "Sirrin sana'a ne, gimbiya."

"Ai ni ta gida ce."

"To don ke ce. Na cire jet ɗin kafireto, na cike raminsa da dalma, na sake huda shi da allurar ɗinki. Yanzu kaɗan-kaɗan take tsotsa. Na sa mata gejina a bakin salansa, ya ba ni kore."

"Da lodi ka gwada ta?"

"Lodin me? A tsaye ake saiti. Ki tambayi kowa a tasha."

Na ajiye wayar a kan filo na daɗe ina kallon rufin ɗaki. Jet ɗin nan ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai rami, ta cikinsa mai ke bi idan an taka totur. Masu ƙera shi sun auna ramin da ma'aunin da ido ba ya gani. Shi kuma ya auna shi da allurar da ake ɗinke yagaggen wando. Kuma ran Lahadi mai zuwa Baba zai ɗauki cikakken lodin rake zuwa Kano.

Na sami Inna a madafa tana tuƙa tuwo. Sunanta Sabuwa, amma duk unguwa Inna ake ce mata.

"Inna, aikin da aka yi wa motar nan zai kashe injin."

Ba ta ɗago ba. "Wa ya faɗa?"

"Ni na faɗa. Mai ya yi mata kaɗan. Idan ta ɗauki kaya za ta ƙone daga ciki."

"To in je in ce wa Malam me? 'Yarka ta ce mai nemanta bai san aikinsa ba? Ran Juma'a ta sama iyayen yaron nan za su zo gaisuwa. Ƙannenki biyu suna ɗakunansu, ke kina nan kina sauraron tarin mota." Ta buga muciya a bakin tukunya. "Aikin suruki ba a kushe shi. Ko kakarki ba ta yi ba."

Ba zan iya tarar Baba da maganar ba. Yarinya ba ta ambaton saurayinta a gaban mahaifinta, balle 'yar fari, balle kuma da suka. Sai na kira Kawu Bobbo, ƙanin Inna, mai gareji a Kudan. Shi ne mutum ɗaya da na sani yana da waidban na gaske, domin bara ni na taya shi zaɓa. Mun zauna da wayata muna duba hotuna, na ce ya nemi mai nuna lamba manya-manya da za a iya karantawa a cikin rana, mai akwatinsa, wanda idan sensar ta mutu za a samu wata a kasuwa ba sai an jefar da duka ba, kuma wanda ake iya juya shi daga lissafin fetur zuwa na gas, tunda yanzu rabin masu zuwa wurinsa gas suke so.

Da na gama ba shi labari sai ya ce, "Allura?"

"Ta ɗinki, Kawu."

"Da ma tela kike shirin aura ba ki gaya mana ba?" Ya yi dariya ya tsagaita. "Bar ni da Malam. Ba ke za ki faɗa ba, mota za ta faɗa da bakinta."

Shi ya kira Baba ya ce ya ji salansar tana hura iska ranar da ta wuce ta gaban garejinsa, a kawo ran Asabar ya yi mata walda. Ya ƙara da cewa a taho da Malama, tana son ganin gejinsa yana aiki saboda darasin ɗalibanta. Duka biyun gaskiya ne, na tabbatar da haka kafin in yarda.

Ran Asabar da hantsi na sa tsohuwar abayata baƙa da takalmi sau ciki, na ɗauki littafi da biro. Daga Makarfi har Kudan ni da Baba a gaban mota, muna sauraron rediyo.

Kawu ya shiga ƙarƙashin motar da kansa. Ya fara toshe ɓular da ke jikin bututun, domin idan iskar waje tana shiga, geji zai yi ƙarya ya ce mai ya yi kaɗan alhali ba haka ba. Sannan ya huda wuri kamar kamu ɗaya daga inji, ta gefen sama, ya liƙa mazaunin sensar da walda, kanta yana kallon ƙasa kaɗan don kada ruwan da ke taruwa a bututu da safe ya kwanta a kanta. Ya jawo wayoyin ta taga ya miƙo mini gejin a hannu.

"A kunna," in ji Kawu. "A jira ta yi zafi tukuna, ba ta magana da sanyi."

Bayan ɗan lokaci lamba ta fito: sha huɗu da ɗigo biyar. Ta ɗan yi rawa ta tsaya.

"Nawa ake so?" Baba ya tambayi Kawu.

"A tsaye, hakan daidai ne."

Baba ya gyara hularsa. "To ai ka gani. Na ce maka yaron yana da hannu."

Amma na san a tsaye ba ta babban jet mai yake bi ba, wata 'yar hanya ce daban. Na dubi Kawu na ce, "Kawu, darasin nawa na mota mai kaya ne. Ko Baba zai yarda mu bi shi Taba?"

Baba ya ce wa Kawu, "Da ma can na nufa."

A Taba aka yi mata lodin rake har ya haura ƙarfen baya, aka ɗaure da igiya. Muka shiga mu uku, Kawu a tsakiya, ni a bakin ƙofa da geji a kan cinyata. A miƙaƙƙiyar hanya lambar ta tsaya wajen sha biyar da rabi. Na rubuta. Da muka iso hawan da ke bayan wata 'yar gada, Baba ya sauke giya ya taka totur.

"Karanta mana, Malama," in ji Kawu.

"Sha shida." Motar ta ja numfashi. "Sha shida da rabi. Sha bakwai."

Daga cikin inji wata ƙara ta taso, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Motar ta yi tari, ta ja baya kaɗan kafin ta ci gaba. Allurar zafi ta fara tafiya dama.

"Bobbo," in ji Baba, idonsa a kan hanya, "tambayi Malama, sha bakwai ɗin nan ba ita ce mai kyau ba? Yaron ya ce idan iska ta fi yawa an ci riba."

Kawu ya juyo gare ni da fuskar da ba ta da laifi. "An ce a tambaye ki."

Na yi magana ina kallon gejin. "Kawu, ka gaya wa Baba ba makin jarrabawa ba ne, da za a ce mai yawa ya fi. Idan mota tana tafiya ba kaya, sha huɗu zuwa sha biyar ba laifi. Amma idan ta ɗauki nauyi tana hawa, sha biyu da rabi zuwa sha uku take so. Ƙarin man nan ba ɓarna ba ne, shi ke sanyaya kan fistin da bawul. Idan aka hana ta, wutar cikin tana yin zafin da ƙarfe ba ya jurewa. Ƙarar da muke ji, ita ce."

"Zuwa Kano fa?" Wannan karon Kawu ne ya tambaya don kansa.

"Ban san a wane gari za ta tsaya ba. Amma ba na jin a Kano ne."

Muna gama hawan Baba ya sauka gefen hanya ya tsaya a inuwar wani mangwaro, ya kashe mota. Ya buɗe bonet da tsumma saboda zafi. Da ta ɗan huce ya kwance fulogi ɗaya da hannunsa ya ɗaga shi sama. Bakinsa fari fat kamar allin ajina, har ya fara ƙuraje. Shekara talatin Baba yana tuƙi, ba ya bukatar kowa ya fassara masa farin fulogi.

Kawu ya buɗe kafireto ya zaro jet ɗin ya ɗora a tafin Baba. Ga dalmar nan ta daskare a karkace, ga ɗan ramin allura a gefe, ko tsakiya bai samu ba. Na kalli abin na tuna farar shadda da agogo da jan fentin da ke saman ƙofa. Ban ji haushi ba. Abin da na ji ya fi kama da abin da nake ji idan ɗaliba ta kwafi amsar wata har da sunanta.

"Ka zo da wani?" Baba ya tambaya.

Kawu ya laluba aljihun gaba ya fito da guda uku a ƙulle a leda. "Na zo da 'yan uwansa."

Sau biyu muka koma ƙasan hawan muka sake hawowa. Da jet na farko lambar ta faɗi sha ɗaya da rabi, baƙin hayaƙi ya biyo mu, na ce ya yi yawa. Da na biyu ta tsaya sha biyu da ɗigo takwas tun daga gindin hawan har samansa. Ƙarar tsakuwar ta ɓace. Motar ta haye da rakenta kamar ba ta san da shi ba, allurar zafi ta koma mazauninta.

"Za ta ƙara shan mai kaɗan," na ce wa Kawu.

"Ta sha," in ji Baba. Ban sani ba ko da Kawu yake ko da gilashin gaba.

A garejin Kudan, bayan Kawu ya cire sensar ya toshe wurin da noti, Baba ya yagi takarda daga littafina, ya naɗe jet ɗin dalmar a ciki, ya ninke ta sau huɗu. Ya miƙa wa Kawu, ni kuwa ina tsaye taku biyu daga gare su.

"Bobbo, ka ba Malama wannan. Kayan mutane ne. Idan ta ga dama ta mayar wa mai shi da hannunta, ni zan san abin da zan gaya wa iyayensa kafin Juma'a. Idan kuma ta ajiye shi a ɗakinta, zan shimfiɗa musu tabarma, ba kuma za a sake jin zancen a bakina ba."

Kawu ya juyo ya sa mini ƙunshin a hannu. Bai yi wasa ba wannan karon.

Mun iso gida bayan la'asar. Inna tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ta dubi Baba, ta dube ni, ta dubi baƙin man da ke hannun abayata, ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Na yi salla, na canza kaya, na zauna a bakin gado na ajiye ƙunshin a kan teburin da nake duba takardu. Wayata tana ta haske. Saƙo huɗu daga Zakiyyu, na ƙarshen yana cewa: "An ce an ga surukina ya yi lodi a Taba. Yaya aikina?"

Na rubuta: "Ka zo gobe da la'asar. Baba ya ba ni saƙo in ba ka hannu da hannu."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa: "Allahu akbar. Tukuici ne?"

Na duba rubutuna sau biyu kamar yadda na saba kafin in tura.

"Naka ne dai. Ka taho da farar shaddar nan."